Tambaya Da Amsa: In Na Ci Gwanjo A Intanet, Hannun Wa Kuɗina Ke Shiga?

Assalamu alaikum jama'a. Saƙonnin da suka taru min a wannan karon kusan duk hanya ɗaya suka bi, wato maganar biyan kuɗi da karɓar kuɗi a shafukan gwanjo na intanet, kuma mafi yawansu daga Sakkwato da kewaye suka fito. Na rage tsawon wasu saboda fili, masu su su yi haƙuri.

Tambaya: Malam barka da aiki. Ni mai gyaran waya ne nan titin Emir Yahaya, kuma ina yawan ganin tsofaffin wayoyi da kayan gyara a eBay ana tayinsu da araha. Abin da ban gane ba shi ne in na ci gwanjon na biya, kuɗin nan ina suke zuwa? In mutumin ya ƙi aiko kayan fa, mi zan yi, ina Sakkwato shi yana Amurka?

Amsa: Ƙanena barka kadai. eBay babban shafin gwanjo da saye da sayarwa ne na intanet daga Amurka. Bari mu fara da tayin kansa don da yawa nan suke fara rikicewa. A eBay ba sai ka zauna kana ƙara dala ɗaya ɗaya da hannunka ba, kana rubuta iyakar abin da za ka iya biya ne, sai na'urarsu ta riƙa yi maka tayi a hankali. Misali waya tana kan dala 50 kai ka rubuta 80, wani ya zo ya taya 60, to kai za a kai ka 61 ne kawai, in ba wanda ya ƙara har lokaci ya cika 61 ɗin za ka biya ba 80 ba. Gwanjon kan ɗauki kwana 1, 3, 5, 7 ko 10, ya danganta da abin da mai kaya ya zaɓa, kuma tayi a wurinsu alkawari ne, in ka ci ka ƙi biya cikin kwana 4 mai kayan na iya soke cinikin a rubuta maka laifi a asusunka, in ya yi yawa wasu masu kaya ba za su ƙara barinka ka taya kayansu ba.

To yanzu kuɗin. Lokacin da ka sa lambar katinka ka danna biya, ba mai wayar ke karɓa ba, shi ko lambar katinka ba ya gani. Saƙo ne ke tashi daga shafin zuwa kamfanin da ke sarrafa musu biya, daga nan ya bi ta Visa ko Mastercard ya iso bankinka na nan gida, bankin ya duba ko akwai kuɗi ko an yarda katin ya yi ciniki a waje, wani lokaci ya turo maka OTP, wato lambar sirri ta amfani sau ɗaya, in komai daidai ya ce na amince, duk wannan cikin daƙiƙu kaɗan. Kuɗin sai su zauna a hannun eBay tukuna, su cire la'adarsu, sannan su tura wa mai kaya saura. Ka san yadda ake yi a Kara in za ka sayi sa wurin baƙon da ba ka sani ba, dillali ne a tsakani, shi ya san ka shi ya san mai dabba, in rigima ta tashi shi ake kamawa, to aikin da suke yi kenan.

Da can PayPal, wani kamfanin biyan kuɗi ta intanet, shi ne ke wannan aiki. eBay ɗin Pierre Omidyar ne ya kafa shi a 1995, kuma a farkon lamari mutane cek da takardar kuɗi ta gidan waya suke aika wa juna a jira sati ko fiye, shi ya sa da PayPal ya fito masu gwanjo suka rungume shi har eBay ya saye shi a 2002 kan dala biliyan 1.5. Sun rabu a 2015, a 2018 eBay ya sanar da cewa ya ɗauko wani kamfanin ƙasar Holan mai suna Adyen, zuwa 2021 kuma harkar biya ta koma hannun eBay kacokan. Har yanzu mai saye na iya zaɓar PayPal a wurin biya, amma mai sayarwa daga eBay yake karɓar kuɗinsa.

In kaya bai zo ba, ko ya zo ba yadda aka siffanta ba (an ce allon waya lafiya lau ya zo a fashe), kana da kwana 30 daga ranar da kayan ya iso ko ya kamata ya iso ka shigar da ƙorafi a cikin shafin. Ana ba mai kaya kwana 3 na aiki ya warware, in ya yi shiru ko kun kasa daidaitawa sai ka ce eBay su shigo, in gaskiya na gefenka su mayar maka da kuɗinka ta hanyar da ka biya. Amma ga inda 'yan Najeriya ke faɗawa rami: masu kaya da yawa ba sa aikowa Najeriya, sai mutum ya yi amfani da kamfanonin da ke ba ka adireshi a Amurka ko Ingila su karɓa su turo maka. To ka sani a idon eBay da zarar kaya ya isa wancan adireshin ya iso hannunka, abin da ya same shi tsakanin can da Sakkwato kai da kamfanin jigilar ne. Don haka ka zaɓi wanda zai buɗe kwalin ya ɗauko maka hoto tun kayan na can.

Sai maganar kati. A 2022 bankuna da yawa sun rage abin da katin naira zai iya kashewa a waje zuwa dala 20 a wata, daga baya ma suka rufe gaba ɗaya saboda ƙarancin dala, sai a tsakiyar 2025 wasu suka sake buɗewa, kowane banki da iyakar da ya sa. Ka je bankinka ka tambayi iyakarka da kuma farashin da suke lissafa dala kafin ka yi tayi, ba bayan ka ci ba. Kuma ka haɗa lissafi duka, kuɗin waya, kuɗin jigila, kuɗin kwastan in ya taso, don sau da yawa arahar da ka gani a allo kafin ta iso shagonka ta kamo farashin Kano ko ma ta wuce.

Tambaya: Ni ɗalibi ne a jami'ar Danfodiyo. Na yi tayin wata kwamfuta ban ci ba, sai ga saƙo wai mai kayan ne, ya ce wanda ya ci ya fasa, zai bar min ƙasa da tayina in na biya shi kai tsaye ta PayPal a matsayin aike ga aboki, wai don mu kauce wa cajin eBay. In biya?

Amsa: Kar ka biya. PayPal na da ƙofa biyu, akwai ta biyan kaya da aiki akwai ta aika wa dangi da abokai. Ta farkon ce ke da kariya, ana cire wa mai sayarwa caji, kai kuma in kaya bai zo ba kana da har kwana 180 daga ranar biya ka buɗe ƙorafi. Ta biyun kyauta ce ka yi, kamar ka tura wa ƙaninka kuɗin makaranta, in ka dawo kana kuka za su ce ai kai ka ce abokinka ne. Wannan cajin da yake ce maka ku kauce masa shi ne kuɗin kariyarka. Kuma ina kyautata zaton ma ba mai kwamfutar ba ne ya rubuto maka, wannan tsohuwar dabara ce. Gaskiya ne eBay na da tsarin da mai kaya zai iya miƙa wa na biyu tayi in na farko ya fasa, amma a cikin akwatin saƙonka na shafin za ka gan shi kuma a cikin shafin za ka biya. Duk wanda ya ce ka sayo katin kyauta ka turo masa lambar, ko kirifto, ko Western Union, rufe hirar kawai.

Tambaya: Malam ni baduku ne, gadon gidanmu ne nan Madunka. Yarana sun ce jakunkuna da filo na fata da muke ɗinkawa Turawa na sonsu ƙwarai, in sa su a intanet a yi tayi. To ni abin da ya dame ni, in sun saya ta ina kuɗin za su iso ni? Kuma an ce wani sai ya karɓi kaya sannan ya janye kuɗinsa, wanga zance gaskiya ne?

Amsa: Baba Allah ya ƙara girma, yaranka sun yi gaskiya, fatar jar akuyar Sakkwato ta daɗe da suna a Turai, tun zamanin da fatake ke ƙetara sahara da ita har can ake kiranta fatar Maroko saboda ta nan take bi. Amma ɓangaren mai sayarwa ya fi na mai saye wuya, musamman gare mu, gara in gaya maka tun yanzu.

Da PayPal ya shigo Najeriya a 2014 ƙofar biya kawai ya buɗe mana, ba ta karɓa ba, aka yi shekaru a haka, shi ya sa za ka ji samari na cewa su buɗe maka asusu da adireshin wata ƙasa. Kada ka yarda Baba, ranar da suka nemi katin shaida da takardar adireshi ka kasa kawowa za su rufe asusun da kuɗinka a ciki, kuma ba ka da bakin magana don kai ka fara yi musu ƙarya. A ƙasashe da yawa na wajen Amurka da Turai eBay ta hannun wani kamfanin tura kuɗi mai suna Payoneer yake biyan masu sayarwa, shi kuma Payoneer yana aiki da 'yan Najeriya, yana sauke kuɗi a asusun bankin gida. Yaran su gwada rajistar mai sayarwa da sunanka na gaskiya da adireshinka na Sakkwato, hanyar karɓar kuɗin da shafin ya nuna musu ita za ku bi, kuma sunan da ke katin shaidarka da na banki da na shafin su zama iri ɗaya harafi da harafi, don bambancin Muhammad da Mohammed kaɗai ya isa ya tsayar da kuɗin mutum.

Sannan ka sa a ranka kuɗin ba nan take za su zo ba. Sabon mai sayarwa ana riƙe masa kuɗi sai an ga kaya ya isa, a PayPal riƙon kan kai kwana 21, a eBay yana iya kaiwa 30, sai ka yi ciniki da yawa lafiya sannan a sassauta. La'ada kuma a shafin Amurka ta ɗan haura kashi 13 cikin 100 a yawancin kaya, kuma ba a kan kuɗin jaka kaɗai suke lissafawa ba har da kuɗin jigila da harajin da mai saye ya biya, ga ƙarin caji na cinikin ƙasa da ƙasa, ga abin da za a ci wurin canjin kuɗi. In ba ka sa duk wannan a farashi ba sai ka ga ka yi wa wasu aiki. Ni a ganina ma kayan hannu irin naka bai dace da gwanjo ba tun farko, wanda ba a san shi ba in ya fara daga ƙaramin farashi mutum biyu ne za su taya a sallama jakar da ka yi sati guda kana ɗinkawa a kuɗin fata, gara ka yanka farashinka ka bar shi a tsaye, ko ka sa mafi ƙarancin abin da za ka sallama.

Zancen janye kuɗi kuwa gaskiya ne. Wanda ya biya da kati na iya zuwa bankinsa ya ce kaya bai zo ba ko ba shi ya yi cinikin ba, galibi har cikin kwana 120, bankin ya fizgo kuɗin, sai a juyo kanka a ce kawo hujja. Hujjarka ɗaya ce, lambar bibiyar kaya da ke nuna an kai shi adireshin da ke jikin odar. Don haka kada ka aika kaya ta hannun wani matafiyi don sauƙi, ka bi ta kamfanin jigila mai ba da lamba irin su DHL ko EMS na gidan waya, ka sa lambar a shafin, kaya mai tsada a sa hannu kafin a miƙa. In mai saye ya rubuto ya ce a'a aika wa ɗan'uwana a wani gari, ka ce ya soke ya sake oda da wancan adireshin. Ka ɗauki hoton jakar ciki da waje da kwalin kafin ka rufe, in akwai tabo a fatar ka faɗa a bayanin kaya tun farko. Kuma imel da zai zo ya ce an biya ka amma sai ka turo lambar jigila kafin kuɗin su fito, ko an yi kuskure an biya ka fiye da kima ka mayar da ragowa, ƙarya ce, yaran su shiga asusun da kansu su gani da idonsu.

Tambaya: Ni ina Mabera, ina gwanjon atamfa da leshi da mayafai a WhatsApp da Instagram duk Juma'a da dare, wadda ta fi tayi ta ɗauka. Sau biyu ana turo min hoton rasit in ba da kaya ashe kuɗi ba su shigo ba. Su kuma masu saye na nesa suna tsoron turo kuɗi kafin su ga kaya. Ya za mu yi?

Amsa: Hajiya wannan taki ita ce ta fi shafar yawancinmu, don gwanjon da ake yi a Sakkwato yau a waya ake yinsa ba a eBay ba. Abin da ya kamata ku gane ke da kwastomominki shi ne a nan babu kowa a tsakani. WhatsApp da Instagram fili kawai suka ba ku, haka ma shafukan talla irin su Jiji, haɗa ku suke yi ba sa riƙe kuɗin kowa. Taransifa kuma, ko ta banki ce ko OPay ko PalmPay ko Moniepoint, tana bi ta layin tura kuɗi tsakanin bankuna ne na NIBSS da aka fara a 2011, nan take take shiga, kuma in ta shiga ba wani maɓalli da mai turawa zai danna ta dawo. Ke wannan daɗi ne gare ki, mai saye kuma shi ne abin tsoronsa.

Hoton rasit ba kuɗi ba ne, yaro ma na iya gyara shi a waya, alat na tes ma ana ƙirƙirarsa. Ki buɗe manhajar bankinki ki ga balas ya ƙaru, in netiwok ya ƙi ki ce a jira, mai gaskiya zai jira. Ki ware asusu ɗaya na sana'a mai sunan da ya yi daidai da sunan da aka san ki da shi, kada yau ki ba da na mijinki gobe na ƙanwarki, wannan na sa masu saye zargi. In cinikin ya girma akwai su Paystack da Flutterwave da ke ba ki mahaɗin biya ki tura wa mutum ya biya da kati ko taransifa, su tabbatar miki kuɗi sun shigo a ɗan cire musu caji, to kin huta da rigimar rasit. Amma su ma ba sa jiran kaya ya isa kafin su ba ki kuɗi, don haka ba su magance tsoron mai saye gaba ɗaya ba.

Abin da ke magance shi shi ne ajiya a hannun na uku, mai saye ya tura kuɗi a riƙe, ke ki aika kaya, in ya karɓa ya duba ya ce ya gamsu sai a sakar miki. A waje Escrow.com ya shahara da wannan tun 1999, a gida ma akwai masu yi, sai dai a kula, ɓarayi ma na buɗe shafin ajiya na bogi, in abokin ciniki ya dage sai wani shafi da shi kaɗai ya sani to a tsaya a bincika. Ga ƙaramin ciniki irin turmi ɗaya ko biyu ni na fi ganin a yi abin da aka saba, na cikin gari a biya in ɗan aike ya kai, na Gusau ko Birnin Kebbi ya ba da kafin alƙalami da kuɗin mota, ki ɗauki hoton kayan a hannun direba a tasha da lambar motar ki tura, ya cika saura in ya karɓa.

Wanda aka riga aka cuta kuma ya garzaya bankinsa a ranar, a rubuce, da lambar taransifar, don in an yi sauri ana iya sa wa asusun da kuɗin suka shiga takunkumi kafin a kwashe, tunda kowane asusu na da BVN ko NIN a bayansa. In banki bai yi komai ba cikin sati biyu ana kai ƙara sashen kare masu hulɗa da bankuna na CBN, kuma EFCC na da ofishi a nan Sakkwato.

Tambaya: Daga Illela nake. Na ga wani a Facebook da kakin kwastan yana tallar gwanjon motoci da shinkafa da aka kama, ya ce in tura kuɗin fom a asusunsa. Da gaske kwastan na gwanjo a intanet?

Amsa: Alhaji suna yi, amma ba haka ba. Hukumar kwastan ta fara gwanjon intanet a 2017 zamanin shugabanta Hameed Ali, aka sake buɗe shi da sabon tsari a Janairun 2024. A shafin hukumar ake rajista, sai kana da lambar haraji ta TIN, ka zuba kuɗin shiga a asusun ajiyarka da ke cikin shafin, ka yi tayi tare da kowa, in ka ci shafin ne zai fitar maka da takardar biya kuɗin su tafi asusun gwamnati. Babu inda ake tura kuɗi asusun wani mutum, kuma hukumar ta sha fitowa tana gargaɗi kan masu sa hoton jami'anta a Facebook. Kai da ke bakin iyaka ma ofishinsu na kusa da kai, ka shiga ka tambayi adireshin shafin na gaskiya ka rubuta shi da hannunka, kada ka bi mahaɗin da aka turo maka.

Tambaya: Malam shin gwanjon nan ya halatta kuwa, tunda an hana yin ciniki a kan cinikin ɗan'uwa? Kuma abokina kan ce in shiga gurup ɗinsa in riƙa taya kayansa don farashi ya tashi, ba don zan saya ba.

Amsa: Ni ba mai fatawa ba ne ɗan'uwa, amma abin da ke cikin littattafan fiƙihu a fili yake. Jumhurun malamai sun halatta cinikin wa zai ƙara, hanin da ka ambata yana kan bayan mai kaya da mai saye sun riga sun daidaita ne, a gwanjo kuwa ba a sallama wa kowa ba tukuna. Abin da abokinka ke nema shi ne najashi, ka taya abin da ba ka da niyyar saye don ka ruɗi wani ya ƙara, kuma hani a kansa ya zo a Bukhari da Muslim daga Ibn Umar. A eBay ma haramun ne a dokarsu, suna bibiyar asusun da ke yawan taya kayan mutum ɗaya ba ya saye, in sun kama su rufe na mai tayin da na mai kayan. Ka ce masa in yana tsoron faɗuwa ya faɗi mafi ƙarancin farashin da zai sallama tun kafin a fara tayi.